Shaikh Muhammad bin Ibrahim: malamin da makullan addinin Saudiyya suka taru a hannunsa

Duk wanda ya ɗan jima a Riyadh zai lura da wani suna da ke yawan maimaituwa a labaran ƙasar nan, wato Alu Shaikh. Shugaban Majalisar Shura ɗan gidan ne, ministan harkokin addinin Musulunci ɗan gidan ne, haka kuma Babban Muftin da ya rasu a watan Satumba na 2025, Shaikh Abdul'aziz, wanda alhazanmu suka shafe sama da shekara 30 suna sauraron huɗubarsa a Arfa. Ma'anar sunan ita ce iyalan Shaikh, kuma Shaikh ɗin da ake nufi shi ne Muhammad bin Abdulwahhab. Gida ne da ya yi kusan shekara 280 yana riƙe da ragamar malanta a Najd, kafaɗa da kafaɗa da gidan sarautar Alu Sa'ud.

Yau ina so in ba 'yan uwa, na nan da na gida, tarihin mutum ɗaya daga wannan zuri'a, wanda a ganina shi ne ƙololuwar ƙarfinta: Shaikh Muhammad bin Ibrahim, Babban Muftin Saudiyya na farko. Na zaɓe shi ne saboda rayuwarsa ta taɓo wata tambaya da mu ma muke fama da ita a garuruwanmu. Idan kujerar addini ta daɗe a gida ɗaya, me ke riƙe ta a can, ilimi ne ko jini ne ko yardar mai mulki? Kuma wane ne ke da maganar ƙarshe?

Sai an ɗan koma baya kafin a gane shi. A 1744 Muhammad bin Abdulwahhab ya isa Dir'iyya, wadda yanzu take gefen Riyadh, suka ƙulla alkawari da sarkin garin, Muhammad bin Sa'ud. Sarki zai kare da'awar da takobinsa, malami kuma zai tsaya wa mulkin da fatawarsa. Aka kuma ɗaure alkawarin da auratayya. A 1818 rundunar Ibrahim Pasha daga Masar ta rushe Dir'iyya, aka kashe wasu daga jikokin Shaikh, aka kwashi wasu zuwa Alƙahira. Gidan bai mutu ba. Jikansa Abdurrahman bin Hasan ya dawo Najd ya sake ɗaga karatu, daga baya ɗansa Abdullaɗif, wanda ya yi karatu a Masar, shi ma ya dawo. Wannan Abdullaɗif shi ne kakan mutumin da muke magana a kansa.

An haifi Muhammad bin Ibrahim a 1893, daidai da 1311 Hijira, a unguwar Dukhna da ke tsohon garin Riyadh, ba nisa da inda fadar Masmak take. A lokacin Alu Sa'ud ba su da mulki, suna gudun hijira, garin yana hannun Alu Rashid na Ha'il. Yana ɗan shekara takwas Abdul'aziz bin Abdurrahman ya ƙwato Riyadh a 1902. Ka ga ke nan shi da sabuwar daular tare suka tashi. Mahaifinsa Ibrahim alƙali ne a Riyadh, baffansa Abdullahi bin Abdullaɗif kuwa shi ne babban malamin Najd gaba ɗaya.

Bai kai shekara ashirin ba ciwon ido ya tafi da ganinsa. A wancan zamani, a garin da babu asibiti balle likitan ido, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma da yawa daga manyan malaman Najd makafi ne. Ya haddace Alƙur'ani, ya koma neman ilimi da kunne da ƙwaƙwalwa. Ya yi tauhidi a wajen baffansa, fiƙihu da hadisi a wajen Shaikh Sa'ad bin Atiƙ, nahawu a wajen Shaikh Hamad bin Faris. Duk wanda ya zauna a zauren karatu a Kano ko Zariya ya san wannan salon: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, gobe a dawo da hadda. Bambancin kawai, shi ba ya da damar komawa ya duba littafi, dole abin ya zauna a ka.

Akwai wata alaƙa da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, domin za ta dawo mana a gaba. Baffan nasa Abdullahi ya aurar da 'yarsa Ɗarfa ga Abdul'aziz, ita ta haifi Faisal a 1906. Ta rasu yaron yana jariri, sai ya tashi a gidan kakansa malami. Wato Sarki Faisal, ta wajen uwa, jinin Alu Shaikh ne, kuma mahaifiyarsa da Muhammad bin Ibrahim 'ya'yan wa da ƙani ne.

Da baffan ya rasu a 1339 Hijira, wajen 1920, sai Abdul'aziz ya ɗora Muhammad a gurbinsa na limanci da karantarwa a masallacin Dukhna, alhali bai cika shekara talatin ba. A nan ya shafe shekaru yana karantarwa tun bayan sallar Asuba, ya ɗan huta, a dawo bayan Azahar, a sake zama bayan Magariba. Daga wannan zaure ne aka samu mutanen da suka riƙe malantar ƙasar bayansa, irin su Abdul'aziz bin Baz da Abdullahi bin Humaid. Sarki ya riƙa neman sunayen alƙalai daga wajensa, shi kuma ya riƙa tura ɗalibansa garuruwa. To, wanda ɗalibansa ne ke kan kujerun shari'a a faɗin ƙasa, ai ba ya buƙatar a sanar da shi cewa yana da ƙarfi.

Shekarun nan ba na kwanciyar hankali ba ne. 'Yan Ikhwan, mayaƙan ƙauye da suka ci wa Abdul'aziz Hijaz da yaƙi, sun fara ganin sarkin ya yi sassauci, yana hulɗa da Turawan Ingila, yana shigo da mota da wayar tangaraho. Manyan malaman Riyadh, har da Alu Shaikh, suka tsaya a kan cewa shelanta jihadi haƙƙin shugaba ne shi kaɗai. A 1929 aka gwabza a Sabila, sarki ya murƙushe su. Wannan ya nuna yadda alkawarin 1744 yake aiki a aikace. Ranar da mai mulki ya shiga tsaka mai wuya, gidan malamai ne ke ba shi hujja, shi kuma ya bar musu masallaci da kotu da makaranta.

An haɗe ƙasar da sunan Saudiyya a 1932, aka samu man fetur a 1938, kuɗi ya fara shigowa sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnati ta soma buɗe ma'aikatu da makarantun zamani, ana ɗauko malamai daga Masar da Sham. Muhammad bin Ibrahim ya hango cewa zauren masallaci shi kaɗai ba zai iya gogayya da wannan ba. Maimakon ya tsaya yana ƙorafi, sai ya gina nasa tsarin. Wajen 1950 ya buɗe Ma'ahadul Ilmi a Riyadh, makarantar addini mai aji da jarrabawa da alawus ga ɗalibai. A 1953 aka buɗe Kwalejin Shari'a, sai ta Larabci ta biyo baya. Waɗannan ne daga baya aka haɗe suka zama Jami'ar Imam Muhammad bin Sa'ud a 1974, wadda 'yan Najeriya da Nijar da dama suka yi karatu a cikinta.

A 1953 ɗin, shekarar da Sarki Abdul'aziz ya rasu, aka ba shi muƙamin Babban Mufti a hukumance. Daga nan makullai suka riƙa taruwa a hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya zama shugaban alƙalan Najd da gabashin ƙasar, bayan rasuwar ɗan uwansa Abdullahi bin Hasan a 1959 kuma aka haɗa masa da na Hijaz. A 1960 da gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata, jama'a da yawa suka tayar da jijiyar wuya, sai aka sa harkar a ƙarƙashin kulawarsa domin iyaye su natsu. A 1961 aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina, shi ne shugabanta, ɗalibinsa Bin Baz mataimaki. A 1962 aka kafa ƙungiyar Rabiɗa a Makka, shi ne shugaban majalisar da ta kafa ta.

Nan ne tarihinsa ya haɗu da namu kai tsaye. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello yana cikin waɗanda aka kafa Rabiɗa da su, kuma Shaikh Abubakar Gumi, wanda ya taɓa zama jami'in alhazai a Jidda, yana cikin masu kai da komo a wannan hulɗa. Jami'ar Madina kuwa tun farko an gina ta ne domin ɗaliban ƙasashen waje. Duk mai bin wa'azi a Arewa ya san irin tasirin da waɗanda suka dawo daga Madina suka yi, ko yana tare da su ko yana adawa da su. Saboda haka muhawarar da ake yi yau a masallatan Kano da Kaduna da Maraɗi, wani reshe nata yana komawa ga ofisoshin da wannan dattijo ya shugabanta.

Mutum ne mai kwarjini da tsauri, kuma bai ɓoye matsayinsa ba ko a gaban gwamnati. Ya ba da fatawar haramta shan taba. Babban abin da ya fi tsayawa a kai shi ne shari'a. Kasuwanci ya bunƙasa, kamfanonin waje sun cika ƙasa, gwamnati na kafa kwamitoci na musamman domin sasanta rikicin ciniki da na ƙwadago bisa rubutattun ƙa'idoji. Shi kuwa yana ganin wannan hanya ce ta zare iko daga kotun shari'a a hankali. Ya yi ta rubuta wasiƙu zuwa ga hukumomi, ya kuma wallafa ƙaramin littafi mai suna Tahkimul Ƙawanin wajen 1960, inda ya yi kakkausan suka ga hukunci da dokokin da mutane suka tsara. Bai hana kafa kwamitocin ba, amma ya hana a tattara fiƙihu a mayar da shi kundin doka da za a ɗaure alƙali da shi. Littafin ya rayu bayansa ta hanyar da wataƙila bai yi zato ba, domin masu tsattsauran ra'ayi sun riƙa ɗaukarsa suna kafa hujja da shi a kan gwamnatoci, har da ita gwamnatin da ya yi wa aiki, yayin da wasu malamai ke cewa an fahimce shi ba daidai ba.

Ranar da ƙarfinsa ya fi fitowa fili ita ce lokacin rikicin Sarki Sa'ud da ƙaninsa Faisal. Shekaru ana ja-in-ja a kan kuɗin ƙasa da tafiyar da gwamnati, 'ya'yan sarki sun rabu, har an kai ga jibge dakaru a Riyadh. A ƙarshen Maris na 1964 malamai ƙarƙashin jagorancin Mufti suka ba da fatawa cewa Sa'ud ya ci gaba da riƙe sunan sarki, amma duk iko ya koma hannun Faisal. Da abin ya ƙi lafawa, sai manyan gidan sarauta da malaman suka sake zama, aka sauke Sa'ud, aka yi wa Faisal mubaya'a ranar 2 ga Nuwamba, 1964. Gaskiya ne cewa manyan 'ya'yan Abdul'aziz ne suka yanke shawarar, amma sun ga ba za ta zauna a zukatan jama'a ba sai da sa hannun malamin Dukhna. Sa'ud ya bar ƙasar, ya rasu a Girka a farkon 1969.

A watan Azumin wannan shekarar, 1389 Hijira, farkon Disamba na 1969, shi ma Shaikh Muhammad bin Ibrahim ya rasu a Riyadh yana da shekara 76. Allah ya jiƙan musulmi. An tattara fatawoyinsa da wasiƙunsa a mujalladi 13.

Abin da ya biyo baya shi ne, a wajena, darasin da ya fi kowane girma. Tun 1962 Faisal ya yi alkawarin kafa Ma'aikatar Shari'a a cikin shirinsa mai manufofi goma, amma bai taɓa ta ba muddin Mufti na raye. Da ya rasu, sarki bai naɗa kowa a kujerarsa ba. A 1970 aka kafa Ma'aikatar Shari'a, aka ba wani malami da ba ɗan gidan ba, Shaikh Muhammad al-Harakan. A 1971 aka kafa Majalisar Manyan Malamai, wadda sarki ne ke naɗa mambobinta. Jami'ar Madina ta koma hannun Bin Baz. Makullan da suke a aljihu ɗaya aka rarraba su ofis-ofis, kowane ofis kuma yana kallon fada. Kuma wanda ya yi wannan aiki jikan Alu Shaikh ne, wanda ya tashi a gidansu, wanda fatawarsu ta taimaka masa ya hau gado. Ya san darajar gidan kakansa, ya kuma san haɗarin barin iko irin wannan a hannun mutum guda.

Ba a wulaƙanta gidan ba, a'a. Ɗansa Ibrahim ya riƙe Ma'aikatar Shari'a daga 1975, wani ɗan nasa Abdullahi shi ma ya riƙe ta, sannan ya zama shugaban Majalisar Shura tun 2009. Sai dai yanzu muƙamai ne da ake ba su da takardar sarki, ana kuma iya karɓewa da takardar sarki. Kujerar Mufti ta zauna babu kowa har 1993, lokacin da Sarki Fahad ya farfaɗo da ita ya ba Bin Baz. Ta dawo gidan a 1999, ta sake fita a Oktoban 2025 da aka naɗa Shaikh Salih al-Fauzan. Makarantun 'yan mata sun koma Ma'aikatar Ilimi a 2002. A 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga 'yan hisba. Rubutattun dokokin da ya yi ta gudu sun zo, na zamantakewar iyali a 2022, na mu'amalar kuɗi da ciniki a 2023. Mu da ke zaune a nan mun kuma ga an fara hutun Ranar Kafuwa a 2022, ana lissafin farkon daular daga 1727, shekarar da Muhammad bin Sa'ud ya hau mulki, shekara 17 kafin zuwan Shaikh Dir'iyya.

Wannan lamari na gida ɗaya da kujerar addini ba a ƙasar Larabawa kaɗai aka san shi ba, kuma kwatanci zai taimaka a ga bambanci. A birnin Rum, a ƙarni na 10, akwai gidan wani basarake mai suna Tiyofilakt da ya mallake kujerar Paparoma. 'Yarsa Maroziya ta sa aka kama Paparoma Yohanna na 10 aka kulle a 928, a 931 kuma ɗanta ya hau kujerar da sunan Yohanna na 11. Jikanta ya zama Yohanna na 12 a 955 yana matashi ɗan kimanin shekara 18. Zuri'ar ta sake fitar da Paparoma uku a jere daga 1012, na ƙarshensu, Benedik na 9, har ya karɓi kuɗi ya sauka a 1045. Abin ya ishi cocin, a 1059 aka kafa dokar cewa manyan limaman da ake kira kadinal su ne za su riƙa zaɓen Paparoma. Can masu takobi ne suka ƙwace kujerar addini suka ɗora 'ya'yansu ko sun cancanta ko ba su cancanta ba. A Najd kuwa gidan malamai ne ya riƙe ta, kuma ko masu adawa da aƙidar Muhammad bin Ibrahim ba su ce jahili ba ne. Amma ƙarshen labarin ya yi kama: a wurare biyun, sai da aka mayar da abin hannun majalisa mai ƙa'ida.

Mu a ƙasar Hausa hanyarmu ta uku ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malami ne, kuma gidansa ne ya zama gidan sarauta bayan rasuwarsa a 1817, ba a raba gida biyu kamar na Dir'iyya ba. Sai dai a gefensa an samu gidan Waziri Giɗaɗo da ya riƙe alƙalami da shawara tsawon zamani, har zuwa Waziri Junaidu da ya rasu a 1997, wanda iliminsa ne ya sa ake girmama kujerar, ba kujerar ce ta sa ake girmama shi ba. A ƙananan garuruwa kuma kowa ya san gidan liman da gidan alƙali, ya kuma san rigimar da kan tashi idan liman ya rasu aka ce sai ɗansa, alhali ga wanda ya fi shi karatu a sahu na biyu.

Abin da na ɗauka daga rayuwar wannan malami shi ne, gado ya buɗe masa ƙofa, wannan babu musu. Da ba ɗan Alu Shaikh ba ne, da wuya a ba saurayi makaho masallacin Dukhna. Amma shekara kusan hamsin da ya yi yana zama tun Asuba yana karantarwa, su ne suka cika kotuna da makarantu da mutanensa, su ne suka sa sarakuna uku suka riƙa lissafi da shi. Wannan ɓangaren ba a gadonsa, shi ya sa 'ya'yansa suka samu muƙamai amma ba su samu matsayinsa ba. Sannan duk ƙarfin da malami ya tara ta hanyar ofis da albashi da kasafin gwamnati, igiyarsa tana hannun wanda ya ba da ofis ɗin. Masu neman a kafa wa malamai hukumomi a jihohinmu, da masu rigimar gadon limanci a unguwanninmu, ya kamata su dubi abin da ya faru a Riyadh tsakanin 1969 da 1971 kafin su yanke shawarar abin da suke roƙo.